Majalisar Fanka

A gidan wanki da gugar da nake aiki, fanka ɗaya ce ke da rai, kuma tana da masu ita. Biyun da ke rataye a silin sun mutu tun kafin matata ta mutu, har gobe kuma an fi yawan tunawa da su.

Ni ne mai kanta, wato teburin karɓar kaya. Ina karɓar kaya, in maƙala musu lamba, in saurari manyan mutane suna rantsuwa cewa tabon da ke gaban rigarsu ba su san daga inda ya fito ba. In babu kowa sai in buɗe littafi. Ƙofar ɗakin guga tana bayana, ba ta rufuwa, don haka duk abin da ake yi a ciki ina gani ko ban so ba. Dogon ɗaki ne, tebura jere biyu, zannuwan gadon otal da mayafan tebur da fararen rigunan masu dafa abinci tsibi-tsibi. A can ƙurya tukunyar tururi take, tana huci kamar surukar da ba a gaishe ta ba. A nan kusa da ƙofa kuma fankar take tsaye, ƙafarta ɗaya a kan bulo.

Tebur uku iskarta ke kaiwa. Waɗannan ukun su ne Majalisa.

Dokar ta girmi Manaja. Matan gidan ne suka kafa ta, da matata a ciki: duk macen da al'ada ta ɗauke mata, wutar nan ta fara taso mata daga ƙirji zuwa fuska, ita ke da tebur a gaban fanka. Ranar da wutar ta mutu, ta tashi ta ba wata. Manaja ya taɓa cewa zai mayar da fankar ofishinsa. Sai dai a makon nan kayansa suka dawo daga guga da irin sitatin da ya sa wandonsa ya tsaya da ƙafarsa a tsakar ofis, ba mutum a ciki. Bai sake ba.

Shugabar Majalisa ita ce Gwaggo Sitati, doguwa, busasshiya, ba ta dariya sai in wani ya faɗi. Sai Inna Maɓalli, mai mayar da maɓallan da injin wanki ya cinye. Kullum da allurai a bakinta, ta gefensu take magana. Ta uku Yaya Tawul, mai ninke tawul, mai arhar hawaye, wadda ta san maganin kowace cuta ban da wadda ke damunta.

Shiga Majalisa sai an tantance, don an sha kama 'yan jabu. Wata ta tauna barkono a bayi. Wata ta kara fuskarta a bakin tukunyar tururi ta taho da gudu. Gwaggo takan sa bayan hannu a ƙeyar mace, ta leƙa kunnenta, ta ce ta huro mata iska a hanci. Wuyan fankar kuma an ɗaure shi da waya don kada ta juya.

"Fankar da ke waige-waige ɗan siyasa ce," in ji Gwaggo. "Kowa ta gaishe shi, ba wanda ta amfana."

Teburin da ke jikin tukunyar tururi na ƙaramar ma'aikaciya ne, shi ma doka ce. Mai shi a lokacin 'yar shekara ashirin da takwas ce, Auta muke ce mata. Hannunta a guga babu kamarsa: in ta kama wuyan riga sai ka ji kunyar sa naka wuyan a ciki. Mijinta mai gyaran firji ne. Ba su haihu ba tukuna, matan gidan kuma sun daina tambaya da baki sun koma tambaya da ido, wadda ta fi ciwo don ba a iya ba ta amsa.

Wata rana da tsakar rana Auta ta faɗo kantata kamar an koro ta, ta fizge littafin da ke hannuna ta hau fifita da shi. Wuyanta ya jiƙe, gumi na bin gefen kunnenta.

"Sannu," na ce. "Marubucin nan bai taɓa yi wa kowa amfani haka ba."

"Baba, don Allah ka yi shiru."

Na yi shiru, na sa ido. Na zauna da irin wutar nan a gida, a jikin matata. Na san yadda take hawa, na san rawar sanyin da ke biyo bayanta. Da ta aje littafin ta rungume hannuwanta, sai na ce, "Tun yaushe?"

Ta dube ni kamar na kama ta da kayan sata. Ta waiga ƙofa, ta rage murya. Al'adarta ce ta fara wasan ɓuya, ta leƙo ta ɓace, sannan ta ɗauke ɗif. Da farko murna suka yi, ita da mijin, har ya fara auna inda gadon jariri zai shiga tsakanin matattun firji. Aka je asibiti, aka ɗibi jini, aka sake ɗiba. Likita ta ce ba ciki ba ne. Ma'ajiyar ƙwan haihuwarta ce ta daina aiki tun lokacinta bai yi ba.

"Wai yakan faru," in ji Auta. "Wai ba laifina ba ne. Na ce to laifin wa ne, in je in same shi?"

"Ta ba ki magani?"

"Ta ba ni. Wai abin da jikina ya daina yi ne za a mayar masa, don kada ƙashina ya koma alli, a kuma kare mini zuciya. Wai in yi ta sha har in kai shekarun su Inna."

"Kina sha?"

"Yana cikin firji."

"To da sauƙi, ba zai lalace ba."

"Firjin ba ya aiki, Baba. Gidanmu cike yake da firji, ko ɗaya ba ya aiki. Na sa shi ne inda ba wanda zai buɗe." Ta goge wuya da bakin ɗankwali. "Ranar da na haɗiyi ƙwayar nan, na yarda ke nan. Ni kuwa ban yarda ba."

"Ga fanka can. Haƙƙinki ne, dokar ba ta ambaci shekaru ba."

"In tsaya gaban su Yaya Tawul in ce na tsufa? Kafin a tashi aiki ta haɗa mini buhun saiwa da zaman makoki. Gara in narke." Ta nuna ni da yatsa. "Rantse ba za ka faɗa ba."

Na rantse. Ba wuya. Tun da matata ta rasu ba wanda ke tambayata komai sai lambar kayansa.

Matsalar ita ce farin kaya ba ya rufa asiri. Ɗigon gumi ɗaya in ya faɗa kan mayafin tebur, dutsen guga ya bi ta kai, sai ya bar tabo rawaya kamar sa hannu. Otal ya fara dawo da kaya. Sannan wata rana wutar ta taso mata tana tsakiyar rigar shugaban masu dafa abinci, ta saki dutsen ta ruga famfo. Ta dawo ta tarar da hoton dutsen guga a gadon bayan rigar, cif, har da ramukansa. Manaja ya ɗaga rigar a gaban kowa.

"Auta, ke ce gwanar gidan nan, kowa ya sani. Amma wannan shi ne na ƙarshe. Aka sake, ki ɗauki jakarki."

Daga ranar Auta ta shiga neman sanyi ta ɓarauniyar hanya.

Dabarar farko ta mijin ce. Mutum ne mai kirki, gajere, mai murmushi, wanda ya yi imani babu abin da ba ya gyaruwa a duniya in dai akwai waya da salatif. Ya samo mata ƙanƙara, ya ƙulla a leda, ta ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zani. Da safe ta shigo tana tafiyar agwagwa, fuskarta fes, ta kama guga kamar da. Sai dai ba a gaya wa ƙanƙarar cewa kusa da tukunyar tururi za ta zauna ba. Kafin hantsi ledar ta huje, ruwa ya biyo ƙafarta ya yi tafki.

Yaya Tawul ce ta fara gani. Ta saki abin da ke hannunta ta ɗora hannu a ka.

"Jama'a, faya ta fashe! Auta za ta haihu! Ashe ɓoye mana take yi!"

"Haihuwar me?" in ji Inna Maɓalli ta gefen allurai. "Cikin nan da ya fi teburina shafewa?"

Amma Yaya ta riga ta shimfiɗa tawul ɗin otal a ƙasa tana ihun a kawo ruwan zafi, a gidan da babu komai sai ruwan zafi. Ana cikin haka ledar ta ƙarasa kwancewa, ƙanƙara ta zubo, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Gwaggo ta tako, ta ɗauki ɗaya ta ɗaga ta a haske.

"Barka," ta ce. "Uban sak. Ba ya riƙe sanyi."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Auta ma ta yi, har ta fi kowa. Sannan ta tafi famfo wanke fuska, ta daɗe fiye da yadda fuska ɗaya ke buƙata.

Dabara ta biyu ma tasa ce. Ya zo da kansa lokacin hutun cin abinci, ya rataya mata wata 'yar fanka a wuya, wadda ya ciro daga bayan firji, ya goya mata batirin babur a jaka.

"Ranki ya daɗe, wannan ko a kanti babu irinta."

"Na ga alama," in ji Auta.

Ya haɗa waya. Abin ya ɗauki ƙara kamar injin niƙa, ya yi iska mai daɗi na ɗan lokaci, sannan ya cafki bakin ɗankwalinta ya fara ci. Kafin a cire waya ya cinye rabi, ya jawo haɓarta har ƙirji. Da almakashin Inna aka 'yanto ta.

"Gyara kaɗan ya rage," in ji mijin yana tattara gawar.

"Ka tafi gida, don girman Allah."

A bakin kantata ya tsaya, murmushin ya sauka. "Baba, ni fa ba maganar haihuwa ce a gabana yanzu ba. So nake ta yi barci. Na ce ta sha maganin, ta ce in gyara firji ɗaya tukuna in ina son bakin magana."

"To ka gyara mana."

"Na kusa," ya ce.

Ranar da abin ya fashe, zafi ake yi irin wanda ƙuda ma ke neman inuwa. Otal ya aiko da zannuwan gado tuli, ana son su da yamma. An wanke, an rataye su da ɗan danshi a igiyoyin gefen ɗaki ana jiran guga. Da aka fita cin abinci Auta ta zo ta tsaya a kaina.

"Baba, ara mini filayarka."

"Me za ki yi da ita?"

"Abin da ba ka gani ba."

Na ba ta, na mayar da ido kan littafi. Ba zan ce ban ji ƙarar yanke waya ba.

Tunaninta mai sauƙi ne: in fankar na juyawa, kowane zagaye za ta ɗan leƙo ƙuryarta. Abin da ba ta duba ba shi ne fankar da ta shekara da shekaru tana kallon gefe guda ba ta san abin da aka ajiye a ɗaya gefen ba. A ɗaya gefen kuwa akwai benci, a kan bencin akwai buɗaɗɗen bokitin bula, shuɗin garin nan da ake ɗan barbaɗa wa ruwan ɗauraya don fari ya ƙara haske.

Aka dawo, aka kunna. Fankar ta yi wani kuka kamar ƙofar da aka manta da ita, ta juya wuya a hankali, ta bar Gwaggo, ta wuce Inna, ta wuce Yaya, ta dubi bokitin. Garin ya tashi gaba ɗaya ya sauka kan zannuwa masu danshi, kowanne ya koma kamar an yanko sama an shanya. Daidai nan Manaja ya shigo, fuskarsa sharkaf da gumi, don ya tambayi ko an kusa. Fankar ta gaishe shi shi ma.

Na karanta labarin manya da yawa da aka tuɓe ko aka kora. Wanda aka rina, ranar na fara gani.

"Wa ya taɓa fankar nan?" Haƙoransa kaɗai suka rage farare. "Ko wace ce, yau ta gama aiki a gidan nan!"

Gwaggo ta kashe fankar. "Manaja, maganar fanka ta Majalisa ce. Je ka wanke fuskarka. In mun gama za a kira ka."

Ya buɗe baki, ya tuna wandonsa, ya rufe. "Kafin a tashi ina son suna," ya ce, ya fita.

Aka kife bokiti uku, 'yan Majalisa suka zauna. Sauran ma'aikata suka jeru jikin bango. Ba a sha wahalar bincike ba, don filayata na leƙowa daga aljihun rigar aikin Auta.

"Ke," in ji Gwaggo. "Wayar nan marigayiya matar mai kanta ce ta ɗaura ta da hannunta. Me ta tsare miki?"

"Zafi nake ji, Gwaggo."

"Zafi! Su waɗancan a kan ƙanƙara suke tsaye? A teburin nan naki na fara aiki, kin ga na narke?"

"Yarinya ce," in ji Yaya Tawul, hawaye sun fara. "A yi mata afuwa."

"Afuwa a wurin wa? Manaja suna yake so."

Auta ta buɗe baki za ta yi magana, sai na ga ta dafe ƙirji. Na san abin da ke tafe. Ya hau wuyanta, ya kama kunnuwa, gumi ya tsattsafo a goshi da leɓe, ya fara zuba. Ta kama wuyan rigarta tana kaɗawa.

'Yan Majalisa suka dubi juna. Gwaggo ta miƙe, ta zagaya ta, ta sa bayan hannu a ƙeyarta, ta leƙa kunne.

"Huro."

Auta ta hura.

"Ba barkono. Inna, duba hammata, ko ta ɓoye albasa."

"Babu," in ji Inna. "Gwaggo, ga rawar sanyin ma ta biyo."

Gwaggo ta ja da baya tana kaɗa kai, da irin girmamawar da tsohon ɗan sanda ke yi wa gwanin ɓarawo. "Na ga jabu iri-iri a ɗakin nan, ban taɓa ganin mai kyan wannan ba. Har da rawar sanyi! Wa ya koya miki? Faɗi gaskiya a rage miki hukunci. Mijin nan naki ne ya haɗa miki wani abu da batir?"

"Ba jabu ba ne!"

Ban san Auta na da irin wannan muryar ba.

"Ba jabu ba ne. Al'adata ta ɗauke. An auna jinina, an sake aunawa. Likita ta ce ma'ajiyar ƙwaina ta daina aiki, ina da shekara ashirin da takwas. Ba na barci, ina jiƙa katifa, in shiga ɗaki in manta abin da ya kai ni. Maganar haihuwa kuma, likitar ta ce ba a cire rai ba, amma kada in sayi gadon jariri. Shi ke nan. Kun ji. Sai ku kai wa Manaja sunan."

Gwaggo ta dubi hannunta, wanda kwanaki ya ɗaga ƙanƙara aka yi barka, ta kai shi bayanta.

"Wayyo 'yar nan!" Yaya Tawul ta fara. "Akwai wata saiwa, ƙanwar maƙwabciyata ta sha, kafin shekara ta haifi tagwa..."

"Yaya, wallahi kika ƙarasa sai na sake kunna fankar nan."

Yaya ta cusa tawul a baki.

Sai Inna Maɓalli ta yi abin da ban taɓa gani ba: ta zare alluran bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta soke su a hannun riga. Ashe muryarta 'yar siririya ce.

"Taki daga ƙirji take farawa ko daga baya?"

"Ƙirji."

"Tawa ma. Kina jin haushin mijinki in yana numfashi?"

Auta ta goge hanci. "In yana tauna abinci."

"To ta gaske ce," in ji Inna. "Gwaggo, doka."

A nan fa gizo ke saƙar. Tebur uku, mata huɗu. Yaya Tawul ba ta daɗe da shiga ba. Wutar Inna kuwa ko da safen nan ta zo, kowa ya gani. Sai idanu duka suka koma kan mutum ɗaya.

"Me kuke kallona?" in ji Gwaggo. "Tawa tana nan daram. Ga ta ma tana zuwa." Ta hau fifita da hannu tana nishi. "Wash! Wash, zafi!"

Inna ta miƙa yatsa, ta sa a wuyan rigar Gwaggo, ta ja. A ƙarƙashi akwai rigar sanyi mai kauri, ruwan toka. Ta ƙara ja. A ƙarƙashinta akwai wata.

"Ta jikata ce, ina ɗumama mata."

"Duka biyun?"

"Jikoki biyu gare ni!"

Ta juyo wajen ƙofa tana neman mai ceto, ba ta samu kowa ba sai ni. "Kai, mai kanta! Kai ka san tarihin gidan nan. Gaya musu."

"Abin da na sani," na ce, "marigayiya takan ce kin riga ta shiga, kin riga ta fita. Ita kuwa ta daɗe a ƙasa."

Gwaggo ta dube ni yadda take duban tabo. Sannan ta koma kan bokitinta, ta shafa gwiwoyinta.

"Fankar nan ta gama da gwiwoyina," ta ce a hankali. "Kullum sai na gasa su in na koma gida. Amma in na tashi daga nan, me na zama? Tsohuwa kawai."

"Ni fa?" in ji Auta. "In na zo nan me na zama?"

Suka dubi juna, babba da ƙarama, kowacce da guntun shuɗi a gira.

"Ke? 'Yar Majalisa. Kwaso kayanki. Kuma ki sani tebur na bayar, ban ba da shugabanci ba."

Inna ta tambaya ko likitar ba ta ba ta komai ba. Auta ta harare ni, ko da yake ban ce komai ba, sannan ta faɗi inda maganin yake.

"A firji!" Gwaggo ta miƙe. "Mu muka sha wutar nan da ruwan famfo da haƙuri, ke an ba ki magani kin kai shi maƙabartar firji?"

"Maganin tsofaffi ne."

"Mu namu a kan lokaci ya tafi. Ke naki sata aka yi miki, ana mayar miki kina noƙewa."

Inna ta miƙo mata karkataccen wuyan hannunta. "Zamewa kaɗan na yi, ya karye kamar biskit. Ni da shekaruna ke nan. Ke kina da doguwar tafiya a kan ƙashin nan."

"Gobe ki zo da shi," in ji Gwaggo. "A gabana za ki haɗiya."

Aka kira Manaja. Ya wanke fuska, ya manta kunnuwa.

"Suna."

"Babu suna. 'Yar Majalisa ce ta gwada lafiyar fanka, doka kuma ta ba ta dama."

"Wace doka?"

"Wadda muka yi ɗazu."

Sai ya hango Auta na jera kayanta a teburin Gwaggo. "Wannan yarinyar? A Majalisa? Ta yaya?"

"Zauna in yi maka bayani," in ji Gwaggo. "Ka san dai mace kowane wata..."

"A'a, a'a, ba sai kin... Zannuwan fa?"

"Za a sake ɗauraye su. Otal ɗin nan bai taɓa ganin fari irin wanda zai gani yau ba."

Haka kuwa aka yi. Har suka aiko a riƙa yi musu irinsa.

Mijin Auta ya zo ya sake ɗaure wuyan fankar da waya; shi ne gyaransa na farko da na ga ya zauna. Gwaggo ta koma jikin tukunyar tururi da riga ɗaya, bakinta na ƙorafi, gwiwoyinta na godiya. Auta ta haɗiyi ƙwayar farko da ruwan famfo tana harara.

Ba komai ne ya gyaru ba. Akwai ranakun da za a kawo kayan jariri, 'yan riguna kamar tafin hannu, in ga Inna ta zare su daga kwandon Auta ba magana. Akwai ranakun da Auta za ta ce a bar mata su, ta goge su ɗaya-ɗaya, Yaya na gefe tana cizon tawul. Amma tabo rawaya ya ƙare, Manaja ya daina ambaton jaka.

Sai maganin ya kama aiki. Wutar ta ragu, ta koma jefi-jefi, sannan shiru. Wata safiya na waiga na ga Auta a gaban fanka tana guga da hannu ɗaya, ɗayan ta rungume kanta da shi, leɓenta na rawa don sanyi. Doka kuwa ba ta da kwana: wuta ta mutu, a tashi. In ta tashi kuma sai ta koma jerin baya, inda hira ba ta wuce goyo da yaye.

Gwaggo ta taso daga ƙuryarta da tawul a ninke, ta aje a teburin Auta.

"Wannan bai ninku daidai ba. Je ki duba shi a bayi."

Auta ta tafi da shi. Ta dawo ta ɗan yi ƙiba, wani abu ruwan toka na leƙowa ta wuyan rigarta. Ta ɗauki dutsen guga, ta ɗan goga, sannan ta dafe ƙirji.

"Wash," ta ce. "Wash, zafi."

Ban taɓa ganin jabu mai munin wannan ba. Inna Maɓalli ta miƙo hannu, ta tura bakin rigar sanyin ciki, ta taɓa ƙeyarta.

"Ta gaske ce," ta ce ta gefen allurai.

Filayata dai har yau ba a dawo mini da ita ba.